Neman shawara: sun kulle mana fayilolin ofis, suna neman kuɗin fansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza min. Ni ce ke riƙe da lissafi a wata ƙaramar ƙungiya. Jiya da safe na kunna kwamfuta zan buɗe takardar albashi, ta ƙi buɗuwa. Da na duba sauran, kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa a ƙarshen sunansa, kuma a kowace jaka ga wata 'yar wasiƙa: wai sun kulle komai, mu biya da kuɗin intanet na bitcoin cikin kwana uku, in ba haka ba su watsa bayanan mutanenmu a intanet. Faifan da muke ajiye kwafi yana jone da babbar kwamfutar ofis, shi ma bai tsira ba. Shugabanmu ya ce a biya a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ta ina suka shigo? In mun biya, za su buɗe kuwa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya sauwaƙe. Yanzu-yanzu ku zare wayar intanet daga duk kwamfutocin, amma kada ku kashe su, kada ku goge komai, har wasiƙar tasu. Mai bincike zai buƙace ta.

Ki sani ba jiya suka shigo ba. Galibi ta imel ne mai ɗauke da fayil ɗin tarko, ko kalmar sirrin da aka sace, ko manhajar da ba a sabunta ba. Idan suka samu ƙofa sai su laɓe, su bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya har su kama asusun mai kula da tsarin, su kwashe bayanai zuwa wajensu, su lalata kwafin ajiya, sannan su kulle, yawanci cikin dare ko ƙarshen mako. Haka aka yi wa hukumar lafiya ta ƙasar Ailan a 2021: wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel a watan Maris, 'yan kutsen suka shafe kusan mako takwas suna yawo a ciki, sai a watan Mayu suka kulle kwamfutocin asibitoci. Don haka duk kalmomin sirrinku ku ɗauka suna hannunsu, ku canza su daga wata na'ura daban.

Amsa ta biyu:
Malama, ki roƙi shugabanku ya dakata. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kusan dala miliyan 4.4 a 2021, makullin da aka ba su ya yi ta jan ƙafa har suka koma ga nasu kwafin. Kuma bayanan da suka riga suka kwashe, wa zai tabbatar miki sun goge? Alkawarin ɓarawo ne fa. Ku kai rahoto wajen hukuma, ku sanar da mutanen da bayanansu ke ciki, hakkinsu ne.

Amsa ta uku:
Ki gwada shafin No More Ransom, wanda Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan suka buɗe tare da wasu kamfanonin tsaro a 2016. Akwai makullai kyauta na wasu ire-iren manhajojin nan masu kulle fayiloli. Ba kowanne ake samu ba, amma ki adana fayilolin da aka kulle, wani lokaci makullin kan fito daga baya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun zare wayoyin. Kuma na tuna akwai wani faifai a durowata da na kwafi lissafi a kai watan jiya. In jona in duba?

Mai amsa ta farko ya ƙara:
Alhamdulillah! Amma kul, kada ki kusantar da shi ko da kwamfuta ɗaya ta ofishin nan. Ki bar shi a durowar, ki kulle, sai an wanke tsarin tas an toshe inda suka shigo.