Dankalin turawa a cikin gida: buhu ko ƙasa, kuma da wane iri?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shuka dankalin turawa a gida. Tsakar gidanmu duk siminti ne, in ban da wani ɗan zirin ƙasa a jikin katanga, kuma a wurin ne tumatir ɗina ya yi yaushi ya mutu bara. Yanzu ina da dankalin da na saya don girki ya tsira a cikin kwando, ga kuma buhunan da ba a amfani da su. Shin in shuka a zirin ƙasar ne ko a buhu, kuma in yi amfani da wanda ya tsira ɗin ko in nemi iri na musamman? Sanyi ya fara shigowa, ba na son lokaci ya wuce ni.

Mai Kaji: Wa alaikumus salam. Babu abin da ya kai shi sauƙi, 'yar uwa. Ki yanko yaɗonsa kamar kamu biyu, ki binne rabi a kan kunya, ki riƙa ba shi ruwa, zai kama da kansa.

Malamin Gona Mai Ritaya: Malam, dankalin Hausa kake kwatantawa, alhali ita na turawa ta tambaya, kuma ko dangi ba su haɗa ba. Na Hausa yana son zafi kuma yaɗonsa ake dasawa. Na turawa asalinsa daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, shi ya sa har yau yake son sanyi. Ya fi zuba 'ya'ya idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, idan kuwa ya kusa 30, ganye zai yi ta fitowa amma ƙarƙashi babu komai. Saboda haka, Malama, ki fara duba ko dararenku suna yin sanyi sosai na kusan wata uku, domin yawancin irinsa yana bukatar kwana 90 zuwa 120.

Baba Mai Lambu: 'Yata, ina roƙonki kada ki saka dankalin kasuwa a cikin ƙasarki. Ina da lambu a bayan gida da na daɗe ina cin tumatir da tattasai da gauta daga cikinsa, har wata shekara na ga dankali ya tsira a kwando kamar yadda naki ya yi, na ce asara ce a zubar. Ya fito kore shar, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna sa albarka. Yana gab da yin fure sai na ga tushe ɗaya ya sunkuyar da kai da rana tsaka, da yamma ya miƙe, washegari ya sake kwantawa, bai ƙara tashi ba. Na ƙara ruwa, ashe raba cutar nake yi wa sauran. Da na tono 'ya'yan na yanka, sai ga wani zobe mai ruwan ƙasa a ciki, idan ka matsa wani farin ruwa mai yauƙi ya fito, idanun dankalin kuma ƙasa ta manne musu. Abin da ya fi ƙona mini rai ba dankalin ba ne. Shekarar da ta biyo baya tumatir ya mutu a wurin, tattasai ma haka, kuma har yanzu masara da albasa kawai nake iya shukawa a wannan ɓangaren.

Malamin Gona Mai Ritaya: Allah ya mayar da alheri, Baba. Wannan ita ce cutar yaushi da ƙwayar bakteriya ke jawowa, tana tafiya a cikin iri da ruwa da bakin fartanya, tana kuma zama a ƙasa shekaru. Tumatir da barkono da gauta da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Mai son tabbatarwa ya yanke karan da ya yi yaushi daga ƙasa, ya rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa, bayan 'yan mintoci zai ga wani farin zare kamar hayaƙi yana saukowa. Malama, tunda tumatir ɗinki ya mutu da yaushi a wannan zirin, ni ba zan saka dankali a wurin ba ko da irin mai kyau ne.

Hajiya Mai Tukwane: Ina girmama Baba da Malam, amma kuna tsorata yarinyar nan. Ni ban taɓa sayen iri ba, abin da ya tsira a ɗakin girki shi nake shukawa, kuma ban taɓa tono ruɓaɓɓe ba. Ina huda gindin buhu, in zuba ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki kamar kamu ɗaya, in jera dankali biyar, in rufe. Duk lokacin da ya ƙara tsawo sai in ƙara ƙasa in warware bakin buhun. Kowane buhu yana cika mini kwano babba. Wasu a takarda suka san noma, wasu kuma a hannu.

Malamin Gona Mai Ritaya: Hajiya, hannuna ma ya yi kanta kafin in riƙe takarda. Biyar sun yi yawa a buhu ɗaya, za su yi ta kokawa su ba ki ƙanana kamar ƙwan zabi. Buhun da ke ɗaukar ƙasa lita 40, biyu ko uku sun ishe shi. Kuma rashin ganin cuta a gidanki ba ya nuna babu ita a kwandon wani. Akwai ma cututtukan da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, waɗanda ba sa kashe shuka, sai dai amfanin ya riƙa raguwa duk lokacin da aka sake shuka 'ya'yan.

Ɗan Auta: Ni kuwa uku na saka a buhu kamar yadda Malam ya ce, na tono huɗu. Maiɗakina ta ce in gode wa Allah, jarina ya dawo har da ribar guda.

Hajiya Mai Tukwane: To ka gani, da biyar ka saka da ka samu shida. Amma tsakani da Allah, ina zargin takin zamani ka cika masa, domin idan sinadarin da ke sa ganye ya yi yawa, ganyen kawai za ka girba. Ko kuma ka ajiye baƙin buhu a kan siminti rana tana dukansa, ƙasar ciki ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu. Ni ina ɗora nawa a kan katako, a inda inuwa ke rufe jikin buhun da la'asar, ganyen kuma yana samun rana tun safe. Sannan duk dankalin da ya leƙo waje daga ƙasa ya koma kore, ba na ci, kuma ba na ba dabba, saboda akwai guba a cikinsa.

Ɗan Auta: Ba taki ba ne, Hajiya, bidiyo ne ya cuce ni. Na ga wani a intanet ya ɗora tayoyin mota huɗu, yana cika ƙasa, daga ƙarshe ya ture su dankali ya zubo daga sama har ƙasa. Na yi ta tara ƙasa har na kusa binne shukar gaba ɗaya, amma 'ya'yan duka a can ƙasa kusa da irin na same su.

Baba Mai Lambu: Masu bidiyo ai da sauƙi, ba su karɓi kuɗinka ba. Bayan abin da ya same ni na ce ba zan ƙara shuka komai ba sai irin da aka tantance, na je wurin wani mai sayar da kayan gona, ya rantse mini cewa nasa iri ne na musamman. Da na buɗe a gida sai na ga ƙananan dankalin da aka tsince daga na ci ne, babu takarda, babu sunan irin, babu wanda zan koma in kama. Ƙanƙanta kuwa ba ita ce shaidar iri ba, sau da yawa ma shukar da ke da cuta ita ce ke haifar ƙanana.

Mai Kaji: Haka suke yi mana da 'yan tsaki, Baba. Sai ka gama ciyarwa kafin ka gane ba irin da ka biya aka ba ka ba.

Uwar Biyu: Na gode muku duka. Na fahimci cewa zirin ƙasar ya fita daga lissafi, buhu zan yi, kuma ba da ƙasar wurin zan cika shi ba. Amma har yanzu ban ji amsar rabin tambayata ba. Idan wanda ake sayarwa da sunan iri ma ba a da tabbacinsa, shin in shuka na kwandon nawa a buhu, tunda ko da cuta ba za ta shiga ƙasa ba? Kuma manyan cikinsu, in raba su biyu ne ko in saka su yadda suke?

Malamin Gona Mai Ritaya: Idan za ki yanka, kowane yanki ya kai girman ƙwan kaza da ido biyu aƙalla, ki bar shi a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe, ki kuma wanke wuƙar tsakanin ɗaya da ɗaya. Sai dai ki lura, ruwan da ke tsiyaya daga gindin buhu shi ma yana ɗaukar cuta, don haka kada ya gangara zuwa zirin. Amma Baba, wancan mai shagon, ka nemi ya nuna maka buhun da irin ya zo a ciki kuwa? Irin da aka tantance yana zuwa da alama a jikin buhunsa mai ɗauke da sunan irin da hukumar da ta duba shi.

Baba Mai Lambu: Na nema, Malam. Buhun takin zamani ya ɗauko mini daga bayan kanta, ya ce a ciki aka kawo masa.