Zan sauya saba (kwamfutar ajiyar fayiloli) a shago, faifai (hard disk) mai girman nawa zan saya?

Baban Ilham: Salamu alaikum. Ina da shagon hoto a Ƙofar Ƙaura, tsohuwar sabarmu mai Ubuntu ta kusa cika, faifan 1TB ne. Na buga umarnin `df -h` (mai nuna wurin da aka ci a faifai) ya ce an ci 870G, amma `du -sh /home` (mai auna girman fayilolin da ke /home) ya ba ni 610G. Ina sauran? Da wanne zan yi lissafi kafin in sayi sabo?

Ɗan Daura: Wa alaikumus salam. Sayi 8TB kawai ka huta.

Injiniya Murja: Yallaɓai, /home kaɗai ka auna. Buga `sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h`, ka duba /var da kyau, musamman /var/log, inda sabar ke tara rahoton ayyukanta. Kuma fayil da aka goge alhali wata manhaja na riƙe da shi, du ba ya ganinsa amma df na ƙirga shi. `lsof +L1` zai fito maka da su. Ka auna yau, ka sake aunawa bayan wata guda, bambancin shi ne abin da kuke ci.

Alhaji Mai Kwamfuta: Ni ba girma ne ya kashe ni ba. Bara na sayo 4TB a Kano, a leda, wai sabo fil. Ashe an gama gasa shi a wata ƙasa. Ana gama bikin wata yarinya ya fara ƙas-ƙas, hotunan kamu da na ɗaurin aure duk suka tafi. Da ƙafata na je gidan na durƙusa gaban mahaifinta. Har yau uwar amarya ba ta amsa gaisuwata. Dubu 85 na biya!

Abu Sadik: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma 85 ai da ka san da magana, ni a nan Katsina 140 aka ce min.

Ɗan Daura: 110 na saya wancan watan.

Injiniya Murja: Da an duba shi da `smartctl -a`, zai nuna awa nawa ya yi yana aiki. Baban Ilham, ka sani kuma 4TB kusan 3.6T zai nuna maka, tsarin fayil na ext4 na ware kashi 5 cikin ɗari na faifan a gefe, in ka yi RAID 1 (ɗaya ya zama kwafin ɗaya) da faifai biyu girman ɗaya za ka samu.

Alhaji Mai Kwamfuta: 'Yata, tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a. Masu sayarwa sun iya goge wannan lissafin.

Abu Sadik: Alhaji, a bar ta ta yi bayani, ita ce kaɗai ta taɓo tambayar.

Ɗan Daura: A goge hotunan angwayen da ba su cika kuɗi ba, wallahi rabin faifan zai dawo 😂

Maman Walid: Ku dai ku yi ta faifai. Ɗauke wutar nan ce ke cinye su. Namu ofishin sau biyu saba na mutuwa tana tsakiyar rubutu, batirin UPS ko minti biyar ba ya riƙewa. Wa ya san mai haɗa sola na amana wajen Ƙofar Marusa?

Baban Ilham: Injiniya, /var/log ya nuna 190G. In goge ne?

Abu Sadik: Maman Walid, batirin lithium kike so ko na ruwa?