Haɗa ƙaramar kyamarar tsaro da wayar hannu: abin da kowannenmu ya ci karo da shi

Uban yara uku:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na sayi ƙaramar kyamarar tsaro mai aiki da Wi-Fi domin in riƙa ganin ƙofar gida daga wurin aiki, musamman a lokacin da yara suke dawowa daga makaranta babu babba a gida. Yau kwana uku ke nan ina fama da haɗa ta da wayata. Na sauke manhajar, na buɗe asusu, na shigar da kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gidan, manhajar ta fito mini da lambar QR a fuskar waya, na kai ta gaban idon kyamarar har ta yi ƙara alamar ta karanta. Daga nan sai ƙidayar ta fara hawa, ta yi nisa, ta tsaya cik, sannan a rubuto mini cewa haɗin bai yiwu ba. Tun ranar farko na huda bango na ɗaure ta a sama, saboda haka duk gwajin da zan yi sai na hau tsani da waya a hannu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ko da matsalarsa ta bambanta da tawa.

Mai gyaran kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka sauko da ita daga bango, ka ajiye ta a kan tebur kusa da rautar gidan, wato na'urar da take rarraba intanet. A nan ake haɗa kyamara, kuma sai ta yi aiki lafiya ake kai ta mazauninta.

Abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da ya same ni da kyamarata ta farko. Tunda ta yi ƙara, ta karɓi sunan Wi-Fi da kalmar sirrin daga lambar QR. Abin da ya gagare ta shi ne shiga rautar. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na 5 ya fi sauri, amma bango yana raunana shi da wuri, na 2.4 kuwa ya fi nisa kuma ya fi ratsa gini, shi ya sa galibin ƙananan kyamarori shi kaɗai suka iya ji. Wayoyin zamani kuma sun fi son hawa na 5 idan suna kusa da rauta. To, idan wayarka tana kan na 5 a lokacin haɗawa, sunan da za ta miƙa wa kyamarar suna ne na hanyar da kyamarar ba ta ma iya ganinta. Tawa rautar ta haɗe zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, saboda haka ban gane komai ba sai da na shiga saitinta ta adireshin da aka rubuta a ƙasanta, na raba su, na ba kowanne sunansa, na mayar da wayata kan na 2.4. Ko minti biyu ba a yi ba kyamarar ta shiga.

Kada ka manta da mayar da ita kan asalinta kafin kowane sabon gwaji. Akwai ɗan rami ko ƙaramin maɓalli a jikinta, sau da yawa kusa da wurin sa katin ajiya; ka danna ka riƙe na wasu daƙiƙu har fitilarta ta fara ƙiftawa ko ta yi magana. Bayan an gama haɗin, wayarka tana iya komawa kan zangon 5 ko kan datar layi, ba zai hana ka ganin hoto ba.

Malamar makaranta:

Ni kuwa, Malam, rautata ba ta da laifi, wayata ce ta hana. Lokacin da na buɗe manhajar ta nemi izinin sanin wurin da nake, sai na ƙi, domin ban ga abin da ya haɗa kyamara da inda nake tsaye ba. Daga baya na fahimci cewa a wayoyin Android, sau da yawa manhaja ba ta iya karanta sunan Wi-Fi ɗin da waya take kai sai an ba ta wannan izini, don haka gurbin sunan ya riƙa fitowa fanko. Na ba ta izinin na lokacin amfani kawai, na gama haɗin, na koma na janye shi, kuma kyamarar ta ci gaba da aiki. Ƙanwata mai iPhone ta gamu da makamancin haka: tun daga iOS 14 wayar tana tambaya ko a bar manhaja ta nemi na'urorin da suke kan hanyar sadarwar gida, ita kuma ta danna a'a ba tare da ta karanta ba.

Abin da ya fi ba ni wahala ya zo ne bayan haɗin. Na ajiye kyamarar a cikin ɗaki, a bayan gilashin taga, tana kallon tsakar gida, domin ba a yi ta don ruwan sama ba. Da rana hoton ya fito tas. Da dare ya yi sai na ga fari fat, kamar an haska mata tocila a ido. Kyamarorin nan suna gani a duhu ne da ƙananan fitilu na hasken infirared da suke kewaye da idonsu, hasken da idon mutum ba ya gani sai ɗan ja-ja a jikin fitilun, kuma gilashi yana mayar mata da hasken nata. Na kashe fitilun a cikin manhaja, na manna idon kyamarar da gilashin sosai, na bar ƙwan lantarki a kunne a waje. Hoton dare ya samu, ko da yake bai kai na kyamarar da aka kafa a waje ba. Wanda zai sa tasa a waje ya duba ko an rubuta IP65 ko IP66 a kwalinta, domin wannan ne yake nuna an yi ta don ƙura da feshin ruwa.

Ɗalibin injiniya:

Ƙari kaɗan a kan bayanin Malam mai gyara. Tawa ta ƙi shiga ko a kan zangon 2.4, sai da na gano cewa an saita tsaron rautar a kan sabon tsarin kulle Wi-Fi mai suna WPA3 kaɗai, alhali kyamarar tsohon tsarin, wato WPA2, ta sani. Na sauya shi zuwa saitin da yake karɓar duka biyun, ta shiga nan take. Idan kuma lambar QR ce ta ƙi karantuwa, a cire siririyar ledar da take kan idon kyamarar, a ƙara hasken fuskar waya, a riƙe ta kimanin taƙi ɗaya daga idon, a matso a ja baya a hankali.

Mai kula da ma'ajiyar kaya:

Ni darasina a kan katin ajiya yake, kuma na koye shi ne a ranar da na fi bukatar hoton. Na kafa kyamara, na sa mata wani tsohon kati da na ciro daga waya, ina ganin hoto kai tsaye kullum, hankalina a kwance. Ranar da wasu kaya suka ɓata na koma baya a manhaja domin in ga abin da ya faru, sai na tarar babu abin da aka ajiye tun makonni da suka wuce. Katin ya mutu, kyamarar kuma ta ci gaba da nuna hoton kai tsaye kamar komai lafiya.

Kyamara tana rubutu a kan kati dare da rana, idan ya cika ta shafe mafi tsufa ta ɗora sabo, kuma katin waya na yau da kullum ba a yi shi don irin wannan aiki ba. Akwai katunan da aka ƙera musamman don kyamarori masu ɗauka ba tsayawa, su ya kamata a nema, a kuma yi wa kati fomat daga cikin manhajar kyamarar kanta. Lissafin girmansa ba wuya. Idan kyamara tana ɗauka da megabit 2 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya), a awa ɗaya ta ci kimanin megabait 900, a kwana ɗaya fiye da gigabait 21, ke nan kati mai gigabait 64 kwana uku kacal zai riƙe kafin ya fara shafewa. Idan aka saita ta ta ɗauka sai an yi motsi, katin nan zai kai makonni. Wannan lissafi kuma shi ne na datar wayarka idan kana kallo daga waje, saboda haka ni nakan rage ingancin hoton idan leƙawa kawai zan yi.

Yanzu duk mako nakan buɗe abin da aka ɗauka jiya in kalli minti ɗaya. Na kuma gyara agogon kyamarar ya dace da yankin da nake, domin hoton da ya nuna lokacin da ba daidai ba yana rikitar da duk wanda zai yi bincike da shi. Har yanzu abu ɗaya yana damuna: duk wanda ya cire kyamarar zai tafi da katin. Ajiya a rumbun kamfani ta intanet tana maganin wannan, amma yawanci biyan kuɗi ake yi wata-wata, kuma hoton gidanka yana hannun wasu.

'Yar dattijuwa:

Na sa tawa ne saboda mahaifiyata, wadda shekaru suka ja, ta kuma taɓa faɗuwa a baranda babu kowa kusa. Na zaɓi mai batir domin babu soket a wurin. A nan na gane cewa kyamarori iri biyu ake kira marasa waya: wadda hotonta ne kawai yake tafiya ta iska amma tana bukatar wayar wuta, da wadda take da batir gaba ɗaya. Mai batir barci take yi domin ta adana caji, sai na'urar jin zafin jiki da take gabanta ta ji motsi sannan ta farka, shi ya sa farkon abin da ya faru yakan kuɓuce mata. Na'urar nan ta fi jin mutumin da ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, kuma ba ta ji ta bayan gilashi. Da na juya kyamarar ta koma kallon hanyar daga gefe, sai ta daina makara.

Sanarwa ma ta daina zuwa mini bayan 'yan kwanaki, har na zaci kyamarar ce ta lalace, ashe tsarin tattalin batir na wayata ne yake rufe manhajar idan ban buɗe ta ba. Na cire ta daga cikin manhajojin da ake taƙaitawa, sanarwa ta dawo.

Ina so in ƙara wani abu da na ɗauke shi da muhimmanci. Kafin in kafa ta na zauna da Mama na nuna mata abin da ake gani a wayar, ta yarda da baranda da falo, ta ce ban da ɗakin kwananta, kuma a kan haka muka tsaya. Matar da take taimaka mata da aiki ita ma na sanar da ita tun ranar farko, har da cewa kyamarar tana ɗaukar murya.

Mai gyaran kwamfuta:

Hajiya ta yi daidai, kuma maganarta ta kawo mu ga wanda yake iya kallo ban da mai gida. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan sittin da kamfanoni suke sa wa na'urori tun daga masana'anta, waɗanda masu saye ba su sauya ba. Da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adiresoshinsu, hari a watan Oktoban shekarar, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa buɗewa. A 2024 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka. Ni dai duk kyamarar da na haɗa, nakan ba asusunta kalmar sirrin da ban yi amfani da ita a ko'ina ba, in kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri, in sabunta manhajar cikin kyamarar idan an fito da sabuwa, in kuma ɗora ta a kan Wi-Fi na baƙi idan rautar tana da shi, domin kada ta zauna wuri ɗaya da kwamfutocin gida. Idan uwargida za ta riƙa kallo, ta buɗe nata asusun ka gayyace ta daga manhaja, kada ku raba kalmar sirri ɗaya. Wanda kuma ya sayi kyamarar da wani ya riga ya yi amfani da ita ya tabbata mai ita na farko ya cire ta daga asusunsa, domin na taɓa karɓar wadda duk mayarwa kan asali da na yi mata ba ta sake ta daga tsohon asusun ba.

Uban yara uku:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na sauko da ita kamar yadda Malam ya ce, na shiga rautar, na tarar zangon biyu suna ɗauke da suna ɗaya. Na raba su, na danna ɗan ramin har ta yi magana, kuma a gwajin farko ta haɗu. Sai dai da na mayar da ita inda na huda tun farko, hoton ya riƙa tsayawa yana yankewa, domin bango biyu ne tsakaninta da rautar, kuma da na tsaya a wurin da wayata sanda ɗaya tak na Wi-Fi na gani. Na matsar da rautar zuwa falo, na ɗaure kyamarar na wucin gadi a ɗaya gefen ƙofar, na bar ta kwana biyu ina dubawa safe da dare. A can ne na lura cewa tsohon wurin yana fuskantar rana da yamma, daidai lokacin dawowar yara, kuma yana ɗauko rabin ƙofar maƙwabcina, abin da ba ni da hurumin ɗauka. Na sunkuyar da ita ta tsaya a kan dokin ƙofata kawai. Jiya da aka ɗauke wuta na ga cewa kyamara da rauta tare suke mutuwa, saboda haka yanzu ina neman ƙaramin batirin ajiya da zai riƙe su biyun. Idan akwai wanda ya gwada irin wannan, ina so in ji awa nawa ya riƙe masa, da kuma ko kyamarar tana komawa kan Wi-Fi da kanta bayan wuta ta dawo.