Sabon but ɗin fata yana ci min ƙafa, in ci gaba da sawa ko in mayar?

Salam jama'a, don Allah masu saka takalmin fata ku taimaka min da shawara. Na sayi but mai ɗinkin Goodyear, irin wanda ake iya canja masa ƙasa idan ya cinye, fatar kauri gareta sosai. Tsawon ya yi min daidai, akwai ɗan fili gaban babban yatsa, kuma da yamma na gwada shi lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri ma. Matsalar biyu ce. Dunduniya tana ɗagawa in ina tafiya, wannan bai dame ni sosai ba tunda an ce sabon ƙasa yana da tauri, in ya fara lanƙwasuwa zai daina. Amma gefen ƙaramin yatsa na dama, kai, wlh matsewar ta yi yawa, in na ɗan jima da shi sai wurin ya yi bororo har yatsun su fara yin sanyi kamar jini baya zuwa, kuma ko na sassauta igiya duk ɗaya.

Na san fata tana buɗewa ta faɗi, ba ta ƙara tsawo, to amma har ina take buɗewa? Wani ya ce in jiƙa shi da ruwa in sa har ya bushe, gaskiya hankalina bai kwanta da wannan ba, kar fatar ta tsage. In shafa masa mai ne ya yi laushi, ko in kai wa shumeka ya sa masa ƙarfen buɗawa a daidai wurin? Ko dai faɗin ne tun farko ba nawa ba? A cikin gida kawai nake sa shi, ƙasan bai goge ba, har yanzu za su karɓa in na mayar.