Kan shawata ya toshe da wani farin abu, ya zan yi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Wata takwas da komawarmu wannan gida, ruwan burtsatse muke amfani da shi. Yanzu kan shawar ya yi wani farin ɓawo kamar alli, rabin hujojin sun toshe, sauran kuma kowanne da inda yake fesawa, wani bango, wani cikin idona. Na dirje da soso da sabulu, ko gezau. Sai na sayi sabo ne?

Mai gyaran famfo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayi sabo, shi ma haka zai yi. Ruwanku ne yake ɗauke da sinadarin kalsiyam da magnesiyam daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Duk ɗigon da ya bushe a bakin huji sai ya bar ɗan gishirinsa, a hankali ya daskare. In ruwan zafi ne ma ya fi saurin taruwa, shi ne dai farin da kike gani a gindin butar dafa ruwa. Sabulu ba ya cin sa, abu mai tsami ne maganinsa.

Ki samu farin ruwan khal, wanda tsaminsa yake kashi 5 cikin 100. Ki zuba a leda mai ƙwari, ki tsoma kan shawar har hujojin su nutse, ki ɗaure bakin da roba. Za ki ga ƴan kumfa suna tasowa, aikin ke nan ya fara. Bayan awa uku ko huɗu ki kwance, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki saki ruwa na minti biyu. Hujin da ya ƙi, tsinken sakace zai buɗe shi. Ban da allura, tana yaga robar da ke bakin hujojin.

Maman Biyu:
Na gode Malam. Nawa launin zinare ne, ba zai dusashe ba? Kuma in na ƙara bilic ba zai fi sauri ba?

Mai gyaran famfo:
Don Allah Hajiya kada ki haɗa su. Bilic da ruwan khal suna fitar da iskar kulorin mai guba, banɗaki kuma a rufe yake. Tunda mai ruwan zinare ne, minti 30 ya isa, ki ɗauraye, in bai gama fita ba ki maimaita gobe.

Anti Malama:
Ƴar'uwa, ni na yi dabarar ledar sau biyu, fuskar ta yi fes amma ruwan bai ƙara ƙarfi ba. Da na kwance kan gaba ɗaya (na naɗa tsumma kafin na sa filaya, don kada ya karce) sai na tarar da wata ƴar raga a wuyansa, cike da yashi da farin nan. Ita ce ta shaƙe ruwan tun farko. Ki jiƙa ta ita ma, ki kula da ƴar baƙar robar da ke wurin, in ta ɓace zai riƙa yoyo.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne ƙasan banɗakina, na mabul ne. Ledar ta ɗiga cikin dare, da safe na ga tabo ya dusashe wurin, bai kuma fita ba. Ki ajiye bokiti a ƙarƙashi.

Maman Biyu:
Alhamdulillahi, na kwance shi jiya. Ragar tana nan yadda kika faɗa, Anti, har sai da na kankare ta da farce. Huji biyu ne kawai suka rage, yau da yamma zan sake jiƙa shi.