Musayar baiti kan No Smoking, fim ɗin Kashyap da aka yi wa ca

Sani Mai Kaset:
Salamu alaikum jama'a, yau duk mai magana ya zo da baitinsa. Batun No Smoking ne, fim ɗin Indiya na darakta Anurag Kashyap da ya fito Oktoban 2007, John Abraham ne jarumin, 'yan sharhin jaridun Indiya suka yi masa kaca-kaca kuma bai kawo kuɗi ba a sinima, yanzu kuma naga yara suna ta cewa wai gwanin fim ne. Ni dai ina bayan 'yan sharhin:

Ku matsa min 'yan uwa in sami wuri,
Fim ɗin Kashyap ni kam ya sa ni jiri,
Mutum na kwance a baho a tsakar gari,
Sai ga shi a Rasha, ga soja, ga ɗari,
Sunan jarumin ma K ne, babu ƙari,
In wannan ce fasaha, ku ba ni haƙuri.

Ummi 'Yar Fagge:
Haba Yaya Sani, ai labarin a fili yake tun farko, bari in tuna maka

K mai kuɗi ne, girman kai, ba ya jin kowa,
Sigari a baki, ko a wanka ba ya ajiyewa,
Anjali matarsa ta gaji, ta ce tana wucewa,
Abbas abokinsa ya nuna masa wurin zuwa,
Ƙarƙashin Dharavi, rami kan rami ana gangarawa,
Fadar Baba Bengali, mai maganin dainawa.

Dharavi unguwar talakawa ce a Bombay. Paresh Rawal ne Baban, mutumin da muka saba yana ba mu dariya amma a nan wallahi ko murmushi ya yi sai gabanka ya faɗi

Malam Habu Damagaram:
Ummi kin bar sharuɗɗan Baba, su ne ƙashin bayan abin

In ka zuƙa ta farko, a kamo ɗan uwanka,
A rufe shi da hayaƙin da ka busa duk rayuwarka,
Ta biyu a gutsure yatsun hannunka,
Ta uku a kashe wani cikin masoyanka,
Ta huɗu a raba ranka da gangar jikinka,
Kuma kai za ka sa hannu a cek, da kuɗinka.

Tushen wannan daga gajeren labarin Stephen King ne na Amurka, Quitters, Inc., na 1978, kamfani mai hana shan taba ta hanyar azabtar da iyalin mutum. Kashyap ya ɗauko ƙwaryar ya zuba nasa a ciki.

Sani Mai Kaset:
Malam har nan na gane, ba nan ne matsalar ba, bayan hutun rabin lokaci ne komai ya watse kuma abin da 'yan sharhin suka yi ta kuka da shi kenan

Ayesha Takia ce matar, ita ce sakatariya,
Ban san wacce ce mafarki ba, wacce ce gaskiya,
Baba da hoton Hitila, wai wasa ne ko tsiya?
Rayuka jere a ƙarshe, ba mai yi min jagoriya,
An zo ganin John na Dhoom da babur a kan hanya,
An sayi tikiti da gumi, an fito da hayaniya.

Anti Ladi:
Sani ƙanena, kai ka shiga neman wa'azin barin taba shi kuma Kashyap kukan kansa yake yi. Ka duba abin da ya same shi kafin wannan fim, Paanch fim ɗinsa na farko ya maƙale a hukumar tace finafinai kuma har yau bai shiga sinima ba, Black Friday kan bama-baman Bombay na 1993 kotu ta tsayar da shi sai Fabrairun 2007 ya fito, to mutumin da aka yi wa haka me kake so ya haifa

Ba taba ce a ransa ba, bakinsa aka ɗaure,
Fim biyu ya gama, duka biyun aka tare,
Baba shi ne hukuma, mai almakashi a zare,
Da sunan gyara ka zai bar ka a karye,
Yatsu biyun sigari, ka duba su a tsare,
Su ne na riƙe biro, su Baba ya cire.

K bai da kirki, gaskiya ne, amma fim ɗin tambaya yake, ko marar kirki ma wa ya ba ka ikon ƙwace masa zaɓi
Ka sami rai tsaf ko ka sami mutum a wanke,
In an gama gyaran babu kowa cikin rigar, sai a ɗauke.

Ɗan Baba Direba:
Anti a gafarce ni zan shigo ta gefe, ni tsohon mashayi ne kuma wannan fassarar taku tana ɗan ci min rai

Kun mai da sigari tutar 'yanci,
Mu da muka sha mun san ɗaci,
Tarin asuba da ƙirji mai ƙunci,
Kuɗin cefane ya tafi a banza, ba abinci,
Ya nemi wani abin ya yi wa laƙabin 'yanci,
Ba karan da ke kai mutum asibiti da gaggauci.

Kuma fa a fim ɗin kansa ɗan uwan K ciwon huhu gare shi, kenan Kashyap ya sani sarai

Malam Habu Damagaram:
Ɗan Baba maganarka na da nauyi, sai dai ka tuna zamanin. Tun 2005 ministan lafiyar Indiya Anbumani Ramadoss ya taso sai an hana nuna shan taba a fim, masu shirya finafinai suna ta faɗa da shi, 2 ga Oktoban 2008 kuma aka hana sha a wuraren taruwar jama'a. Sigari a allo a lokacin shi ne filin rigimar da kansa

Bai zaɓi taba don tana da daɗi ba,
Ya zaɓi abin da ba mai tsaya masa ba,
In ka kare mai kirki ba ka yi aiki ba,
Sai ka kare K, da ba ka so shi ba.

Sani Mai Kaset:
To kun gani ai kun gama min aiki

In sai na san kotu da hukuma da tarihinsa,
Kafin in gane abin da ke cikin fim ɗinsa,
To wasiƙa ya rubuta zuwa ga kansa,
Ya sa mu biyan kuɗin aika masa.

Ummi 'Yar Fagge:
Hhhh Yaya wannan ta shiga, amma an nuna fim ɗin a bikin finafinai na birnin Rum a 2007 ɗin fa, kuma bayan finafinansa Dev.D a 2009 da Gangs of Wasseypur a 2012 mutane suka koma suka neme shi

Wanda aka jefa jiya yau ana nema,
Matasa na kallo a waya suna ta gardama.

Sani Mai Kaset:
Sun koma ne don sunansa ya yi sama,
Da Dev.D ta faɗi, wa zai tuna da shi ma?

Waƙoƙin kam ban da ta cewa, kiɗan Vishal Bhardwaj baitin Gulzar, nan na sallama

Ɗan Baba Direba:
Ni kafin a watse a warware min guda, rupi ɗayan nan da Baba ya dage sai an biya shi da tsaba bayan an rubuta masa cek na maƙudan kuɗi, me ake nufi da shi? Anti ke ce mai fassara

Anti Ladi:
Ina da amsa amma tuwo na kan wuta, baiti shida ne kuma sai na auna su, ku jira ni bayan isha'i. Sani kar ka gudu