Wane girman allo da filafili ya dace da iskar Jos?

Na Rikkos:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masana kan winsafin, wato hawan allo mai filafili a kan ruwa. Nauyina kilo 78. Na iya ɗago filafili daga ruwa, in tafi, in juyo in dawo inda na tashi, amma ban fara sa ɗamara ba, wato abin da ake ɗaurawa a ƙugu a rataya nauyin jiki a filafili, kuma allo bai taɓa tashi ya yi mini sulu ba, wato ya yi gudu yana shafar saman ruwa kawai. A nan Jos zan riƙa yi, a tafkin Rayfield ko wani ruwa mai faɗi idan an samu izini. Kaya biyu na hannu aka yi mini tayi daga Legas. Na farko allo mai lita 125 da filafili mai murabba'in mita 7.5. Na biyu allo samfurin Techno 293 mai lita 205 da filafili 5.5. Na farkon ya fi araha, ya kuma fi ɗaukar ido. Akwai kuma ƙanena mai kilo 45 da yake son ya koya. Wanne zan ɗauka?

Injiniyan Bukuru:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki na biyu. Bari in kawo maka lissafin don kada ka ce ra'ayina ne kawai.

Kowace lita ɗaya ta allo kilo ɗaya take ɗauka a ruwan daɗi. Ruwan teku saboda gishiri ya fi ɗaukar nauyi da kusan kashi 2.5 cikin ɗari, don haka allon da ya riƙe mutum a Legas zai ɗan ƙara nutsewa a nan. To, tara: kai 78, filafili da mas (sandar tsaye da ke riƙe shi) da bum (sandar da ake kamawa da hannu) kusan 10, allon kansa kusan 10, jiƙaƙƙun kaya da rigar ceto 2 ko 3. Ka ga an kai 100. A kan allo mai lita 125, rarar da ta rage maka 25 ce kacal. Ƙwararre ta ishe shi, domin shi gudu ne yake riƙe masa allo a saman ruwa. Kai kuwa rabin lokacinka a tsaye za ka yi shi kana jan igiyar ɗagawa, allo yana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ruwa yana hawa bayansa. Mai koyo yana son nauyinsa da ƙarin lita 100 ko kusa da haka, faɗin allo kuma ya kama santimita 80. Techno ɗin nan faɗinsa 79, ya shiga layi.

Amma babban dalilin ba lita ba ce ma, dagabod ne, wato takobin nan da ake saukarwa a tsakiyar allo. Ƙaramin allo ba shi da shi, sai fin ɗin baya kaɗai, wato ɗan fiffiken da ke ƙarƙashin allo, kuma fin ba ya kama ruwa sosai sai da gudu. Idan iska ta yi sanyi allon zai riƙa zamewa gefe, ka yi ta kai da komo amma kullum kana ƙara gangarawa inda iska ta nufa. A bakin teku mai yashi sai ka fito ka jawo kayanka da ƙafa. A tafkunan Jos fa? Yawancinsu ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, gaɓarsu a tsaye take kamar bango, wani wurin babu inda za ka dafa ka fito.

Sai maganar iskar. Lambar da kake gani a manhajojin hasashen iska irin su Windy ko Windguru hasashe ne na fili, a tsayin mita 10 daga ƙasa, irin abin da za a auna a filin jirgi na Heipang inda babu abin da ya tare. Ruwan tafki kuwa yana ƙasa da gaɓa, ga tulin ƙasar haƙa, ga dogayen itatuwan turare, ga gidaje. Duk abin da ya tare iska yana kashe ta har nisan kusan ninki goma na tsayinsa, bayan nan kuma ta sauko a hargitse. Shi ya sa za ka ga gefe ɗaya na ruwa lumui kamar faranti, can tsakiya kuma wani baƙin yamutsi yana tahowa da gudu. Wannan baƙin shi ne bugun iska. Ka sayi ƙaramar na'urar auna iska ta hannu, ka je bakin ruwan da kake nufi da safe, da azahar, da la'asar, na sati biyu ko uku, ka rubuta lamba biyu kowane zuwa: mafi ƙanƙanta da mafi girma cikin minti biyar. Da wannan takardar za ka sayi filafili na gaba, ba da bidiyon Hawai ba.

Mai Auna Iska:

Injiniya ya gama magana kan allo. Ni kan filafili zan ƙara, kuma akwai inda zan ɗan saɓa masa.

Akwai lissafin da ake amfani da shi don sanin filafilin da zai sa allo ya yi sulu: nauyinka sau 2.5, ka raba da gudun iska a kilomita cikin awa. Idan manhajarka da not take nunawa, not ɗaya kilomita 1.85 ne cikin awa. Malam Na Rikkos, naka 78 sau 2.5 ya ba da 195. A iska mai kilomita 22 kana bukatar filafili mai murabba'in mita kusan 8.9. A 28, 7.0. A 37, 5.3. Wannan na wanda ya iya ɗamara ne, ƙafafunsa cikin maɗauri, a gaɓar teku.

Jos kuwa tana sama da teku da kusan mita 1,200, iskar nan ta fi ta Legas rashin kauri da kusan kashi goma cikin ɗari. Gudu ɗaya, amma turawa ba ɗaya ba. Filafili 5.5 a nan zai ja ka kamar 5.0 a can. Ga mai koyo wannan alheri ne. Ga mai neman sulu kuwa dole ya ƙara kusan rabin mita ko fiye a kan abin da lissafi ya ba shi.

To me zai hana a ɗauki 7.5 tun yanzu, tunda iskar ba kauri? Saboda ƙarfin iska ba ya hawa daidai da gudunta, ninkin kansa yake yi. Idan ta tashi daga 20 zuwa 30, jan da ke hannunka ya ninka sau biyu da kwata. Haka iskar hunturu take yi a saman tudun nan daga Disamba zuwa Fabrairu, ta taho daga arewa maso gabas, ta lafa, ta sake bugowa ba sallama. Da 7.5 a hannun wanda bai iya jingina da ɗamara ba, bugu ɗaya zai fizge shi ta gaba ya maka shi a kan bum, mas kuma ya sauka a hancin allo ya fasa. Ga nauyin ɗago shi cike da ruwa sau ashirin a yini, bayan mutum ne zai biya.

Inda na saɓa da Injiniya: ban ga laifin a karɓi 7.5 ɗin shi kaɗai a ajiye ba, idan mai shi zai raba kayan kuma ya haɗa da mas da bum ɗinsa. Techno yana ɗaukar wannan girman lafiya, ajin matasa na wannan allo da 6.8 da 7.8 suke tsere. Bayan wata shida ko shekara, ranakun da iska take kilomita 12 zuwa 18 cikin awa, 5.5 zai fara gundurarka. Samun kayan wasan nan a ƙasar nan ba kullum ba ne, in ka bari ya wuce sai ka jira wani ya sake kawowa.

Tazara tsakanin filafilai ta zama kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. 4.5, 5.5, 6.8 jeri ne mai kyau. 5.5 da 6.0 asarar kuɗi ce.

Uwar Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Kun manta da yaron. Mai kilo 45 kada a ba shi 5.5, ko ɗagowa ba zai iya ba, rana ɗaya zai tsani wasan. A nema masa 2.5 zuwa 3.5 na yadin dakron, da gajeren mas da siririn bum daidai tafin hannunsa. Allon ku yi tarayya, amma idan shi zai hau a canza fin ɗin baya a sa gajere. Ƙaramin filafili ba shi da ƙarfin juya babban allo mai dogon fin, yaro zai yi ta karkatar da mas baya allo ya ƙi juyowa, ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Don Allah kuma a kula da waɗannan, domin ruwan kuza ya ci mutane da yawa a Filato. Rigar ceto dole, ko mutum ya iya iyo. Kada a shiga sai da wani a gaɓa, in da hali da kwalekwale a kusa. Lokacin da iska ta fi kyau shi ne lokacin da ruwan ya fi sanyi, jiƙaƙƙen mutum a cikin iskar Janairu nan da nan hannunsa yake ƙagewa ya kasa riƙe igiya, don haka a nemi rigar roba mai kaurin milimita 3. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, da zarar hadari ya haɗo daga gabas a fito. Iskar da take gaban ruwan sama ba ta wasa ba ce, mas ɗin kabon mai tsayin mita huɗu da wani abu kuma kiran tsawa ne a tsakiyar tafki. Dam irin na Lamingo ruwan sha ne, ba a shiga sai hukumar ruwa ta yarda. Sannan ruwan da ba ya gudu yana iya ɗaukar tsargiya. A yi wanka da sabulu a goge jiki da an fito, wanda ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti.

Na Rikkos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsaya kan Techno. Mai kayan ya yarda ya sayar mini da 7.5 ɗin daban, amma ban da mas. Ya ce mas 430 da ke kan 5.5 zai ɗauke shi idan na ƙara dogon ƙari a ƙasa. Haka ne?

Injiniyan Bukuru:

A'a ɗan'uwa, kada ka yarda sai ka ga lamba. Ka ce ya ɗauko maka hoton rubutun da ke ƙasan filafilin ko a jikin jakarsa. Za ka ga tsawon hannun da mas yake shiga, da tsawon bum, da mas ɗin da kamfani ya ce a sa. Yawancin 7.5 mas 460 suke so, mai tauri 25 a ma'aunin taurin mas da ake kira IMCS, shi kuwa 430 taurinsa 21 ne. Ko ƙarin ya kai tsawon, mas ɗin ya yi laushi, cikin filafili zai riƙa yawo baya duk lokacin da iska ta bugo, hannunka na baya ya yi ta shan wahala, kuma dogon ƙari yana iya fasa gindin mas. Bum ma ka duba: 5.5 yana cin kusan santimita 175 zuwa 185, 7.5 kuwa ya haura 200. Bum mai buɗewa daga 160 zuwa 210 zai yi 5.5, amma a 7.5 yana iya zama a ƙarshen buɗewarsa, inda ya fi lanƙwasa. Ka tambaya kuma siririn mas ne, RDM, ko mai kauri, SDM, domin ƙarin ƙasa da bakin bum kowanne da nasa.

Kafin ka biya, a shimfiɗa filafilan a haske. Farar ledar da ake gani ta cikinta rana ce take kashe ta: in ta yi hazo, tana ƙara kamar takardar biskit, ko akwai farin layi inda aka taɓa naɗe ta, faɗuwa ɗaya gwiwarka za ta ratsa. A lanƙwasa robar gindin mas, wadda ta haɗa shi da allo, a duba tsagewa. Ita ce in ta tsinke allo ya tafi ya bar ka da filafili a tsakiyar ruwa. Ka sa a haɗo maka sabuwa guda, da igiya mita huɗu ko biyar.

Wajen ɗaurawa, kuskuren da aka fi yi shi ne tsoron jan igiyar ƙasa. Ka ja har gefen baya na saman filafili ya saki, ya yi laushi zuwa wajen ƙashi na biyu ko na uku daga sama, wato siraran sandunan da ke kwance a jikin filafili. Wannan sakin shi ne yake zubar da rarar iska idan ta bugo, kuma a iskar Jos shi ne abin da ka fi bukata. Ranar iska mai ƙarfi ƙara santimita ɗaya ko biyu a ƙasa, ɗaya ko biyu a igiyar bum. Tsayin bum tsakanin ƙirji da kafaɗa. Mahaɗar mas kuma ka goge ta ka naɗe da salatif kafin ka zura, ƙurar hunturu in ta shiga sai mutum huɗu sun taru suna murɗawa kafin ya rabu.

Mai Auna Iska:

Ƙari ɗaya kan ɗauko kayan. Ka duba saman allon ko akwai ɗan sukurun shan iska. In akwai, a kwance shi kafin mota ta baro Legas, domin hawa daga gaɓar teku zuwa tudun Jos, ga zafin rana a kan rufin mota, iskar da ke cikin allo kumbura take yi har fatar ta rabu da soson ciki. A ɗaure shi kafin a shiga ruwa, a kwance bayan an fito. Idan ka gama awon sati ukun nan, kawo lambobin zaure mu gani ko mas 460 ya cancanci kuɗinsa bana ko a bari sai baɗi.